Gashin Shamuwa a Tsakar Gidan Dije

Duk wanda ya san Tungar Makau, wani ɗan ƙauye da ke gefen hanyar Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum, ya san gidan Dije da abu biyu. Na farko tsamiyar da ke tsakar gidan, wadda shamuwa ke sauka a kanta duk shekara in damina ta gabato. Na biyu shara. Mata sukan ce ko allura ce ta faɗi a gidan Dije, daga bakin ƙofa za ka hango ta. Tana shara da hantsi, tana shara bayan la'asar, in kuwa shamuwa suna nan sai ta ƙara ta tsakar rana, don tsuntsu ba ya neman izini kafin ya yi kashi.

'Yar garin Gwashi ce. Ranar da aka kawo ta gidan Nababa tana amarya ta tarar da tsamiyar da sheƙuna a kanta. Uwar mijinta ta kama hannunta, ta nuna mata sama, ta ce, "Waɗanga baƙin Allah ne. Ba a jifarsu, ba a hawan icce in suna bisa, ba a taɓa ɗiyansu." Dije ta riƙe maganar kamar yadda ake riƙe wasiyya. Tsohuwar ta rasu, yara suka zo suka girma, dokar tana nan.

Sai shekarar gubar dalma ta zo. A lokacin Nababa, kamar sauran mazan yankin, ya shiga haƙar zinari. A kawo duwatsu gida cikin buhu, a farfasa, a niƙa a tsakar gida, garin ya tashi ya sauka a kan komai. Agwagin Dije ne suka fara mutuwa. Ta ce ko annobar kaji ce, ta jiƙa musu ɓawon maɗaci, ba su tashi ba. Ba a jima ba abin ya koma kan yara. Autanta Lukman, wanda ko yaye ba a yi masa ba, ya soma jijjiga, ya rasu kafin a kai shi asibiti. Yayarsa Rukayya Allah ya yi da sauran kwananta, likitoci suka ba ta magani ta warke. Daga baya ma'aikata suka zo suka kankare ƙasar kowane gida, suka kawo sabuwa suka zuba. Nababa bai ƙara taɓa dutse ba, ya koma ga gero da dawarsa, maganarsa ta ragu.

Daminar da ta biyo baya shamuwa ba su sauka a tsamiyar ba. Sai a ta gaba suka dawo, Dije ta tsaya da tsintsiya a hannu tana kallonsu har hawaye ya zubo mata. Tun daga nan, in aka tuna waccan shekara, abu ɗaya take faɗi: "Agwagwa ta gaya muna, mu ne ba mu ji yarenta ba."

Shekaru suka tafi. Rukayya ta yi aure a Gummi, gidan wani tela mai natsuwa, Junaidu. Da labarin cikin fari ya iso, Dije ta soma tara itace a bayan ɗaki, don al'ada ce mace ta dawo gaban uwarta goyon ciki, ta haihu a gida, a yi mata wankan jego da tafasasshen ruwa safe da yamma, a dama mata kunun kanwa. Wankan jego kuwa ruwa yake ci ba kaɗan ba. Rijiyar burtsatsen ƙauyen tana can nesa gefen masallacin idi, saboda haka matan unguwar Dije daga kududdufin bayan gari suke ɗibar ruwan wanka da wanki, na burtsatse a bar wa sha.

Suruki ba ya fuskantar surukarsa da magana, sai Junaidu ya aiko gwaggonsa. Matar ta sha fura, ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta sauke saƙon. Yaron bai ƙi al'ada ba, in ji ta, amma ya ji an ce wasu baƙi sun koma wankin dutsen zinari a dajin nan da rani, shi kuwa matarsa ta taɓa shan wannan wahala. In ba a tabbatar masa gida lafiya yake ba, gara ta haihu a Gummi.

Dije ba ta yi fushi ba, abin da ya fi damunta ke nan. Da rashin kunya ce da ta san amsarta. Amma tambayar da ya yi ita ce tambayar da ita kanta take yi wa zuciyarta duk lokacin da ta tsoma guga a kududdufin. Tana son ɗiyarta ta haihu a hannunta, tana kuma tsoron ta kira ta zuwa ga abin da ya ɗauke mata Lukman. Ta ci gaba da tara itace, ba ta san ko za a hura shi ba.

Ana cikin haka, bayan ruwan shuka, wani ɗan acaɓa ya sauke baƙuwa a ƙofar gidan. Matashiya ce da hijabi da takalmin danko, da madubin hangen nesa rataye a wuya. Sunanta Zinatu, 'yar Anka, ta yi karatu mai nisa a kan tsuntsaye, ta dawo tana bin ƙauyukan Anka da Gummi da Bukkuyum tana neman gidajen da shamuwa ke sheƙa. Mai unguwa ne ya nuno mata gidan Nababa.

Bayan an gaisa ta sha ruwa, Dije ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "To ɗiyata, duk karatun duniya sai na tsuntsu kinka zaɓa? Iyayenki sun sani?"

Zinatu ta yi dariya. "Sun sani, Inna. Babana har yau in an tambaye shi aikina sai ya ce likita ce, ya yi sauri ya sauya magana."

Ta yi mata bayani a hankali. Shamuwa suna raguwa a garuruwa da yawa saboda ana sare manyan itatuwa. Ita so take ta gano ko shamuwar Tungar Makau dangin ta Gummi ce, ko kowane gari da zuriyarsa, don in zuriya ta keɓe ta yi kaɗan, takan ƙare ba a lura ba. Ana gane dangantakar ne daga gashinsu, a ɗakin gwaje-gwaje.

"Daga gashi?"

"Daga gashi, Inna. Gashin tsuntsu yana riƙe da abubuwa da yawa. Har abin da ya ci, in da guba a ciki, yakan fito a gashin."

Dije ta ajiye ludayin da ke hannunta. "Har dalma?"

"Har dalma."

"Shamuwan ga kullum suna bakin kududdufi suna kamun kwaɗi da fara, su kawo ma ɗiyansu. Kina nuhin in ruwan ya ɓaci, gashinsu shina faɗi?"

Zinatu ta ce ba zai faɗi komai da komai ba, amma zai nuna alama, kuma in alamar ta fito tana da hujjar da za ta kai wa ma'aikatan lafiya su zo da na'urarsu su auna ƙasa. Sannan ta ɗaga kai ta dubi tsamiyar, ta tambaya ko akwai tsani a gidan.

"Akwai tsani," in ji Dije, "amma ba na iccen ga ba ne. Ko Malam bai hawa."

Zinatu ba ta ja ba. Ta ce to a tara mata wanda ya faɗo da kansa. Ɗan acaɓa yana ta danna ƙaho a waje, yana cewa hanyar nan ba a bin ta in la'asar ta wuce, kowa kuwa ya san dalili. Ta miƙa wa Dije wasu 'yan ambulan na takarda a gurguje, ta ce za ta dawo in hanya ta yi sauƙi, ta fita.

Dije ta kama aikin da zuciya ɗaya, amma ta kama shi irin na matar da aka koya wa cewa ba a ba baƙo abin da aka tsinta a ƙasa yadda aka tsince shi. Kowace safiya kafin shara sai ta bi gindin tsamiya tana zaɓe. Manyan gashin fuffuke, baƙaƙe masu sheƙi, su take ɗauka. Ƙananan nan masu launin toka, masu kama da ɓurɓushin auduga, da ke faɗowa daga sheƙar 'ya'ya duk kashi ya ɓata su, sai ta share su da sauran shara ta cinna musu wuta. Waɗanda ta zaɓa ta wanke su da sabulun salo da toka, ta shanya a kan faifai. Gindin kowane gashi, inda ɗan busasshen jini yake, ta sa reza ta datse shi don ƙazanta ne. 'Yan ambulan ɗin kuwa ta ga sun yi wa gashin kirki kaɗan, ta adana su a cikin kwalla. Da gashin ya taru ta jera shi, ta ɗinke gindin da jan zare da kore, ta yi masa mariƙi na kaba. Ya fito mafici, wanda ko amarya aka kai wa sai ta yi godiya.

Hanya ba ta yi sauƙi da wuri ba. Sai da gero ya fitar da kai sannan Zinatu ta dawo. Dije ta shimfiɗa mata tabarma, ta shiga ɗaki ta fito da maficin a naɗe cikin ƙyalle, ta ajiye mata a gaba tana murmushi.

Zinatu ta buɗe. Ta juya shi, ta duba gindin da aka datse, ta shinshina ƙamshin sabulu. Ta ajiye shi a kan cinyarta a hankali.

"Bai yi ba?" in ji Dije.

"Inna, ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba. Laifina ne, na tafi ban yi miki bayani ba." Ta nuna gindin. "Nan da kika yanke, nan dangantakar take. Waɗannan manyan kuma na iyaye ne, wataƙila a wata ƙasa can kudu suka tsiro, inda suke zuwa cin rani. Ko da guba a cikinsu ba ta nan ba ce. Wanda zai ba mu labarin kududdufinku shi ne na 'ya'yan, don su ba su taɓa cin abincin ko'ina ba sai na garin nan. Ƙanana ne, masu launin toka."

Dije ta juya ta dubi tokar da ke bayan madafa. Damina guda ta yi tana ƙone amsar tambayarta da hannunta. Ta ɗaga kai sama. Yawancin 'ya'yan sun riga sun yi fuffuke, suna tsalle daga reshe zuwa reshe. Sheƙa ɗaya ce ta rage, can ƙarshen reshen da ya leƙa kan rumbu, wadda masu ita suka makara, 'ya'yan suna nan da tokarsu.

Nababa, da ke gyaran fartanya a inuwar zaure, ya yi gyaran murya. "In tsani ne, a ɗauko. Sau ɗaya ne."

Dije ta dube shi. Ta san don Rukayya ya faɗa, kuma ta san nauyin da faɗar ta yi masa. Amma ta girgiza kai. "A'a, Malam. Mun taɓa ɓata masu rai sunka tahi. Ba mu korarsu garin roƙonsu." Ta juya ga Zinatu. "In ya faɗo da kainai, ya isa?"

Zinatu ta ce ya isa, in dai bai taɓa ƙasa ba, kuma ƙura ba ta hau shi ba. Ana bukatar wani abu mai tsabta a tara a ƙarƙashin sheƙar. Dije ta shiga ɗaki ta fito da sabon gidan sauro a cikin ledarsa, wanda ta ajiye don mai jego da jaririnta. Nababa ya kafa sanduna huɗu, suka ɗaure shi a sama da tsayin akuya. Zinatu ta ba ta safar hannu da ɗan hantsaki, ta nuna mata yadda za ta ɗauki gashi ta sa a ambulan ba wanki ba yanka.

"Sai abu ɗaya, Inna," ta ce, tana ɗan jin nauyi. "Ƙurar tsintsiya da hayaƙin shara. Har 'ya'yan su tashi, kada a yi shara a gefen nan."

Nababa ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa. Rabon da a ga dariyarsa a gidan an jima.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi nauyi da Dije ta gani tun bayan waccan shekara. Ganyen tsamiya ya zuba, kashin shamuwa ya yi fari fat a ƙasa, kaji suka barbaza ƙaiƙayi, awaki suka ƙara nasu. Hannunta yakan kai ga tsintsiya da kansa, sai ta janye. A ƙarshe ta ba maƙwabciya ajiyar tsintsiyar don kada shaiɗan ya rinjaye ta.

Habsu, Bafillatar da ke kawo mata nono tun suna matasa, ta yi sallama ta shigo, ta tsaya cak da ƙwarya a ka.

"Jam, jam. Ko ɓatan kai na yi? Ina neman gidan Dije, na faɗo garken shanu."

"Shigo dai, ai kin ga gida irin naku."

"Namu ya fi wanga! Mu ko saniya in ta yi kashi muna kwashewa." Ta sauke ƙwaryar, ta hangi gidan sauron. "La'ilaha! Yanzu Kaɗo har tsuntsu take ɗaura ma gidan sauro? Sai ki dama masu kunun kanwa, ki gama aikin lada."

"In sun gaya min abin da nike son ji, har ragon suna sai in yanka masu. Ke dai auna min nono, kada ki cika ruwa yau, baƙuwa gare ni mai na'ura."

Habsu ta yi dariya har da riƙe ciki. Amma da Dije ta gaya mata dalili sai dariyar ta tsaya, don shanunsu ma a kududdufin suke sha. Kafin ta tafi ta ce yaransu sun ga inda aka haƙa ramuka a bakin kwarin da ke zubowa cikinsa, tun da rani.

Kowace safiya Dije takan sa safar hannu, ta tsince 'yan munanan gashin nan daga kan gidan sauro kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Ranar da 'ya'yan suka tashi, ta ɗaure ambulan ɗin a leda, Nababa ya kai su Bukkuyum ranar kasuwa, ya damƙa wa direban da Zinatu ta yi musu kwatance. Ya dawo ya tarar an share gidan har sau biyu.

Sai jira. Aka yanke gero, shamuwa suka taru a sama suka yi ta kewaya garin, wata safiya aka wayi gari babu su. Cikin Rukayya ya tsufa. Gwaggon Junaidu ta sake aikowa a ji ko da labari.

Zinatu ba ta aiko ba, da kanta ta zo, tare da ma'aikatan lafiya biyu da wata na'ura mai kama da ƙaramar bindiga. Ta kama hannun Dije ta ce, "Inna, akwai dalma a gashin. Ba mai yawa ba, amma akwai."

Dije ta zauna a kan turmi. Ma'aikatan suka bi gidan suna ɗora na'urar a ƙasa: tsakar gida, ɗakin da aka gyara wa mai jego, madafa, gindin tsamiya. Kowane wuri babban ya duba ya ce lafiya. Suka bi sauran gidajen unguwar, lafiya. Sannan suka nufi kududdufi, rabin garin na biye da su. A bakin da kwarin ke zubowa, mutumin ya ɗora na'urar a kan laka, ya duba, ya sake ɗorawa, ya ce kowa ya ja baya da yara.

A ranar mai unguwa ya sa aka kewaye kududdufin da ƙaya, aka aika wa rugar su Habsu, aka sa ranar da za a duba jinin ƙananan yara. Dije ta tsaya daga nesa tana kallon ruwan da ta yi niyyar tafasawa ta watsa wa ɗiyarta safe da yamma, ta wanke jariri da shi. Ba ta yi kuka ba. Ta dai yi ta maimaita alhamdu lillahi a hankali, har Zinatu ta zo ta tsaya kusa da ita.

"Wannan karon mun ji yarensu," in ji Dije. Can kuma ta tuna. "To naki aikin fa? Dangin na Gummi ne?"

"Wannan sai baɗi, Inna, in kin yarda ki sake tara mini. Sheƙa ɗaya ba ta isa a yanke hukunci ba."

"Da wanki ko ba wanki?"

"Ba wanki. Maficin dai yana rataye a ofishina, duk wanda ya shigo sai ya tambayi inda na saya."

Ranar kasuwar da ta biyo baya wata mota ta tsaya a ƙofar gidan. Rukayya ta fito da ƙyar tana dafe da ƙugu. A saman motar an ɗaure kura ta turawa da jarkoki sababbi. Junaidu ya durƙusa daga bakin zaure, kansa a ƙasa, ya gai da Nababa, ya ce a gaya wa Inna ruwan wanka daga burtsatse za a riƙa kawowa, ya riga ya yi magana da mai turawa. Dije tana bayan zana tana jin komai. Ta ja mayafi ta rufe fuska kamar yadda ya kamata, ta ce wa Nababa ya ce masa Allah shi yi albarka.

Mace aka haifa. Itacen da aka tara tun kafin damina ya soma raguwa, tukunyar wanka tana tafasa safe da yamma a gindin tsamiya. Wata safiya wutar ta ƙi kamawa saboda raɓa, wata maƙwabciya da ta zo taya aiki ta hangi tsofaffin sheƙuna a sama, busassun ƙirare tsibi guda, ta ce a sa gora a zunguro ɗaya a yi makamashi, tunda masu su sun tafi.

Dije ta karɓe gorar daga hannunta ta jingine a bango.

"Ɗakin baƙi ne," ta ce. "Suna dawowa."

Ta tsuguna ta ci gaba da hura wutar da bakinta har ta kama.